Ranar da Baba Ya Cinye Kujeru Uku

Ƙanena yana da teburi a ƙarƙashin matakalar benenmu, inda yake manna wa wayoyin mutane gilashi yana sauke musu manhajoji, amma kada ka kuskura ka kira wurin teburi a gabansa. Ofis ne. Sai da ya tayar da jijiyar wuya aka saka shi cikin ƙungiyar masu shagunan benen, aka ba shi ƙuri'a kamar kowa, alhali idan ya miƙe ba shiri kansa gwaruwa yake da siminti. Duk benen Danna-Ɗaya ake kiransa, domin ko me ka kawo masa, waya ce ta faɗa ruwa ko firij ne ya daina sanyi, zai kalle ka da tausayi ya ce ai wannan danna ɗaya ne. Ya taɓa fara koyon rubuta shafukan intanet, bai ƙarasa ba, ya ce malamin ne ya kasa bin saurinsa.

Ni ce yayarsa, kuma ni nake zama a shagon fenti na Babanmu a hawan ƙasa, saboda haka duk abin da zan faɗa a kan idona aka yi shi.

Ƙungiyar tana da kujeru uku: shugaba, sakatare, sai mai kula da tsafta. Na ƙarshen nan sunansa ya fi aikinsa ƙamshi. Aikin shi ne banɗakunan benen, da kwatar baya mai toshewa duk sanda ta ga dama, da bin mutane kana roƙonsu su daina zuba gashi da ƙyalle a magudanar ruwa. Tun ƙanena yana rarrafe Baba ke riƙe da wannan kujera. A ƙungiyar ba a tsayawa takara, kowa yana iya rubuta sunan kowa a kowace kujera, kuma duk zaɓe sai a wayi gari Baba ne dai da kwata. Shi kuma mutum ne da kunya ba ta barinsa ya ce a'a.

Wannan karon Baba ya sa rai da shugabanci, ya sa rai ƙwarai. Gwiwoyinsa sun fara ƙi, durƙuso a bakin kwata ya zame masa azaba, kuma a ganinsa wanda ya yi wa jama'a wannan hidima ya cancanci ya zauna a kan teburin gaba ko sau ɗaya kafin ya ajiye aiki. Ya yi imani mutane suna sonsa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ƙirga: takardu ake jefawa a bokiti, kuma Mai Taya, wanda ke kan kujerar, shi ke zazzage bokitin ya karanta da kansa, ya kuma yanke hukunci a kan duk rubutun da bai fito ba.

A nan Danna-Ɗaya ya ga ƙofa. Ya miƙe a taron ƙungiya, ya gyara wuyan riga, ya ce abin kunya ne a ce bene kamar wannan yana zaɓe da bokiti. Zai haɗa musu shafi, kowa ya zaɓa daga wayarsa, a ɓoye, na'ura ta ƙirga. Ya ce yanzu ba a rubuta shafi daga sama har ƙasa kamar wasiƙa, guntu-guntu ake ƙera shi a haɗa, kuma guntun da ka ƙera sau ɗaya kana iya dasa shi ko'ina. Ya ce akwai wani laburare, wato kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta suka ajiye don kowa ya ɗauka, wanda ke ba ka akwatin zaɓi: ka danna, sunaye su zazzago, ka taɓa wanda kake so. Har rubutu kana iya yi a ciki ya nemo maka mutum.

Mai aski ya tambaya ko ya taɓa yin irinsa.

"Ni da nake gyara wa masu laburaren kura-kuransu?" in ji ƙanena. "Guntu ɗaya zan ƙera, in dasa shi sau uku. Ma'ajiya ɗaya, aiki uku. Wanda bai sani ba shi ke wahala."

Mai Taya ya yarda, ina jin don ya tabbata abin ba zai yiwu ba. Baba kuwa ranar har gida yana kallon ɗansa kamar yau aka haifa masa shi.

Gwajin farko a shagon aski aka yi, da mutane cike a kan benci. Mai aski ya ajiye almakashi, ya buɗe shafin, ya danna akwatin shugaba. Shiru. Ya sake dannawa. Ƙanena ya ce wayarsa ce tsohuwa. Aka gwada a wayar mutumin da ake yi wa aski, rabin kansa a kwashe, nan ma haka. Sai mai aski ya lura da wani abu yana leƙowa a ƙarƙashin haɓar Baba. Ashe ƙanena ya dasa ƙaton hoton Baba a tsakiyar shafin, da sabuwar riga da murmushi, kuma sunayen idan sun zazzago bayan hoton suke shigewa. Duk mutanen benen suna ɓoye a bayan Baba, sunan mutum ɗaya kawai ake gani a ƙasa.

Kafin a ƙarasa askin labari ya kai shagon taya. Mai Taya ya zo da kansa, hannunsa baƙi, ya ce ko dai a cire hoton ko a sa nasa, kuma nasa ya fi girma tunda shi ne kan kujera. Ƙanena ya ce hoton ba kamfen ba ne, ado ne. Baba da ya ji, kunya ta kama shi har ya kasa fitowa daga shago, ya aiko ni in ce a cire.

An cire hoto, sunaye suka fito. Sai aka ga ba wanda ya san su. Ƙanena ya zuba cikakkun sunayen mutane kamar yadda suke a katin shaida, mu kuwa a benen nan ko ka shekara kana gaisawa da mutum da sana'arsa ka san shi. Mai aski ya rubuta "mai aski" a cikin akwatin don ya nemo kansa. Laburaren yana da saƙon da yake nunawa idan bai samu abin da ake nema ba, ƙanena ya canza shi da nasa kalmomin don ya burge. Wayar ta amsa wa mai aski, a gaban kwastomominsa, cewa babu irin wannan mutum a benen nan.

Mai aski ya ce shi da aka gina benen a gabansa. Ya bi shago-shago yana nuna wa mutane wayar, kowa ya rubuta sana'arsa, kowa aka gaya masa babu shi.

Danna-Ɗaya ya ce ƙaramin abu ne. Maimakon ya zauna ya rubuta sunayen da aka saba da su ɗaya bayan ɗaya, sai ya ce gwani ba ya aikin hannu, ya kwaso su gaba ɗaya daga lambobin da ke wayarsa ya juye wa akwatin. Bai duba ba ya tura wa jama'a sabon shafin, ya tafi cin abinci.

Ina cikin gauraya wa wani kwastoma fenti na ji hayaniya a matakala. Telan hawa na biyu ne ya sauko da tef a wuya, yana neman wanda zai yi masa bayanin dalilin da ya sa sunansa a takardar zaɓe ya zama "Tela Kada Ka Ɗauka". A bayansa ga mai aski, wanda yanzu an yarda akwai shi, amma a matsayin "Rediyo Mai Jini". Mai Taya ya fito a "Tumbi". Mai kemis, mace mai kamun kai da ko dariya ba ta cika yi ba, ta shigo shagonmu a nutse ta nuna mini nata: "Hajiya Ba Bashi". Ta ce ita ba ta ji haushi ba, gaskiya ne. Ni kaina na duba ko ina ciki, na yi sa'a shafin masu shaguna ne kawai, amma daga baya na ari wayar ƙanena na ga abin da ya rubuta a kaina, kuma wannan tsakanina da shi ne.

Da ya dawo ya tarar da su a bakin ofishinsa, ko gezau bai yi ba. Ya ce wannan sunayen gwaji ne, duk manyan masu wannan aiki haka suke yi, don a tabbatar akwatin yana ɗaukar dogon suna da gajere. Tela ya ce to a gwada kiransa yanzu a gani ko za a ɗauka. Baba ne ya fito ya bi su ɗaya-ɗaya yana ba da haƙuri, kamar yadda ya saba yi idan banɗaki ya cika.

Ranar na ja Baba gefe na ce a koma bokiti tun mutunci bai gama zubewa ba. Ya ce a bokiti ba zai taɓa sanin gaskiyar abin da ke zuciyar mutane ba, shi kuma yana son ya sani.

Saura matsala ɗaya, mai kemis ce ta gano ta ana gobe zaɓe. Ta zo ofishin ƙarƙashin matakala da wayarta, ni ma ina tsaye. Ta zaɓi suna a akwatin shugaba, sai ga sunan ya bayyana a akwatin sakatare da na tsafta. Ta canza na sakatare, sauran biyun suka bi shi. Duk inda ta taɓa, ukun sai su juya tare kamar yara a layin makaranta.

A karon farko na ga zufa a goshin ƙanena. Ya buɗe kwamfutarsa, ya sunkuyar da kai saboda matakala, ya yi ta hawa da sauka a cikin rubutun. Can ya yi dariya ya ce ya kama ɓarawon. Akwai wani layi da ke umartar kowane akwati ya nuna abin da ke cikin ma'ajiya, to tunda ma'ajiyar ɗaya ce, dole su nuna abu ɗaya. Ya goge layin. Ya ce laburaren yana da wayo, idan ba ka gaya wa akwati abin da zai nuna ba, da kansa yake riƙe abin da aka taɓa a cikinsa. Mai kemis ta sake gwadawa. Kowane akwati ya tsaya a kan nasa sunan, tsaf.

Na ce, "To ita ma'ajiyar fa, har yanzu ɗaya ce?"

"Yaya," ya ce, "ki tsaya a fenti."

Washegari aka yi zaɓe da la'asar a filin ajiye motoci na bayan benen. An jera benci da kujerun roba, an aro babbar talabijin an ɗora a kan teburi, ƙanena ya jona ta da kwamfutarsa. Ya sa fararen takalma sababbi, ya rataya wani kati a wuya da ya buga wa kansa. Baba ya zauna a layin gaba da rigar nan ta hoto. Kowa ya duƙufa a kan wayarsa: shugaba, sakatare, tsafta, a tura. Abin mamaki, babu abin da ya lalace. Har tela ya ce yaron nan dai akwai kai, bakinsa ne kawai matsala.

Danna-Ɗaya ya yi jawabi kafin ya buɗe sakamako. Ya ce yau benen nan ya shiga zamani, kuma sauran benaye za su zo koyo, amma sai sun bi layi. Sannan ya danna.

Shugaba: Baba ya cinye duka ƙuri'u, sai guda ɗaya ta Mai Taya.

Na kalli Baba, na ga idonsa ya kawo ruwa. Ƙanena ya fara tafi shi kaɗai, ya danna na gaba. Sakatare: Baba duka, Mai Taya ɗaya. Baba, wanda idan zai rubuta rasit sai ya kira ni. Tsafta: Baba duka, Mai Taya ɗaya.

Mai Taya ya miƙe a hankali. Ya ce shi ba ya jayayya da ƙaddara, ƙuri'ar shugaba guda ɗaya da ya samu ya san tasa ce. Amma tela surukinsa ne, kuma a gabansa ya taɓa sunansa. Tela ya ce ƙwarai. Wasu mutum uku suka ce su ma. Mai aski ya ce shi sakatare kansa ya zaɓa, ba zai ɓoye ba, to ina ƙuri'arsa ta tafi, ko har yanzu babu shi ne? Daga baya wani ya faɗi kalmar da nake tsoro, ya ce ɗa ya ƙirga wa ubansa, me ake jira a gani in ba maguɗi ba.

Baba ya ƙanƙance a kujerarsa. Mutumin da bai taɓa rage wa kowa ko cokalin fenti ba, yau ana kallonsa a matsayin ɓarawon zaɓe a gaban maƙwabtansa.

Ƙanena ya ce na'ura ba ta ƙarya, mutane ne ke canza magana idan sun ga ido, kuma zai nuna musu a fili. Ya buɗe shafin a talabijin kowa yana gani. Ya zaɓi Mai Taya a shugaba, mai aski a sakatare, mai kemis a tsafta. Ya tura, ya buɗe sakamako yana murmushi. Mai kemis ta samu ƙuri'a ɗaya a shugaba, ɗaya a sakatare, ɗaya a tsafta. Mai Taya da mai aski ba su ƙaru da komai ba.

Ya ce intanet ce ta yi nauyi. Ya sake, wannan karon ya sa tela a akwatin ƙarshe. Tela ya cinye ukun.

Ko a nan bakinsa bai mutu ba. Ya juyo ya fuskanci jama'a da muryar malami, ya ce bari ya yi musu bayanin yadda tsarin yake, don su daina zargin abin da ba su fahimta ba. Kowane akwati, in ji shi, idan ka taɓa suna, yana kai sunan ma'ajiya ya ajiye. Na farko ya kai nasa. Na biyu ya zo ya ajiye nasa a wurin, ya goge na farko. Na uku ya zo ya goge na biyu. Idan ka danna tura, sai a ɗauki abin da ke ma'ajiyar a rubuta wa kujeru...

A nan ya tsaya, bakinsa a buɗe.

Mai kemis ce ta ƙarasa masa, ba tare da ta ɗaga murya ba. Ta ce wato duk wanda mutum ya zaɓa a tsafta, shi aka rubuta masa a kujeru ukun. Wurin ya ɗauki ɗan lokaci kafin maganar ta zauna, sannan dariya ta fara daga baya ta taho gaba. Mai aski har da riƙe ciki. Mai Taya ma ya fara, sai ya tsaya cak, ya ce to ashe ƙuri'ar nan guda ɗaya ba tasa ba ce, wani ne ya zaɓe shi wankin banɗaki, kuma yana son ya san ko wane ne.

"Ni ne," in ji Baba.

Ya miƙe yana dafa gwiwa. Dariyar ta ɗauke. Ba wanda ke zarginsa da maguɗi yanzu, amma abin da ya maye gurbin zargin ya fi shi ciwo, kuma kowa ya gane hakan lokaci guda. Duk wannan tulin ƙuri'un na kwata ne. Ko mutum nawa suka so shi a shugaba, an goge, ba za a taɓa sani ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa.

Mutane suka fara gunaguni daga kujerunsu, wannan ya ce wallahi Baba shi har a shugaba ya sa shi, wancan ya ce shi ma haka. Baba ya saurare su har suka gama.

"Na gode," ya ce. "To da na ci shugaban, wa kuka shirya zai shiga kwatar? Shugaban?"

Sai ya juya wajen ɗansa, wanda ke ƙoƙarin zare waya daga bayan talabijin kamar aikin da ya kawo shi ke nan.

"Ƙuri'a ɗaya ce ba tawa ba, kuma ni na jefa ta. Kai ma kana da ƙuri'a. Wa ka sa a akwatin ƙarshe?"

Ƙanena ya kalli ƙasa, ya kalli sama, ya kalle ni. Na kawar da kai.

"Baba," ya ce, "ai duk benen nan ba wanda ya kai ka iya aikin."

Baba ya gyaɗa kai kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani. Ya ce kujerar shugaba da ta sakatare ba shi aka ba ba, a mayar wa masu su a sake zaɓe. Ta tsafta kuwa shi aka ba, da gaske, kuma ba ya so. Tun da nake ban taɓa jin Baba ya ce ba ya so a gaban mutane ba, shi kansa sai da ya ɗan tsaya kamar yana ɗanɗana kalmar. Sannan ya ce amma ba zai bar benen ba mai kula ba, akwai ɗan ƙungiya matashi mai lafiyayyun gwiwoyi, wanda ofishinsa ma ya fi na kowa kusa da banɗaki.

Mai Taya bai jira an gama ba ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Hannuwa suka tashi kamar an haɗa baki, tela har biyu ya ɗaga. Ƙanena ya bi layi-layi da ido yana neman hannun da bai tashi ba, ya samu guda ɗaya, nawa, ya yi mini kallon godiya. Na tuna masa ni ba ni da ƙuri'a.

Ya fara cewa to ai shi ke nan, zai haɗa wa banɗakunan manhaja, kowa ya riƙa zaɓar lokacin shigarsa daga waya. Baba ya dafa kafaɗarsa.

"Kwatar baya ta toshe tun safe," ya ce. "Ka cire fararen takalman nan."

Sannan ya wuce ta tsakiyar jama'a, ya koma shago, ya ja kujera ya zauna ya miƙe ƙafafunsa.